Alƙali Uwais ya tafi, rahotonsa na nan cikin durowa

Ranar Babbar Sallar 2025, Juma'a 6 ga Yuni, muna zaune ƙofar gidan kawuna a Gusau bayan la'asar, ƙamshin suyar kayan ciki na fitowa daga cikin gida, sai rediyo ya kawo labarin rasuwar tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Muhammadu Lawal Uwais. Muka yi salati, muka yi masa addu'a.

Ɗan yayata, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya tambayi ko wane ne. Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Amma mi yay yi muna? Ba shi na yat tabbatar ma Obasanjo da kujera ba? Alƙalan ƙasag ga duk kanwar ja ta."

Na ja bakina na yi shiru, don ba a musu da babba a gaban yara, balle ranar Sallah. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Abin da ya biyo baya ya fi ɓata mini rai. Kwana da kwanaki ana karanto saƙonnin ta'aziyya na manyan 'yan siyasa, na gwamnati da na adawa, da yawansu suna yabon aikin da marigayin ya yi a kwamitin gyaran harkar zaɓe. Cikin masu yabon nan akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru a majalisa, akwai waɗanda suka yi gwamna, akwai waɗanda suka riƙe ƙasar. Rahoton yana gabansu tun 2008, kuma manyan shawarwarinsa har yau ba su zama doka ba.

Ga matsayina. Uwais ba kanwar ja ba ne. Ya yi hukuncin da ya ɓata wa mutanen yankinmu rai, ba zan ɓoye ba. Amma shi ne alƙalin da ya zauna ya rubuta wa ƙasar nan maganin ciwon da ya fi cin Zamfara da Kebbi a siyasa, wato kotu ta riƙa naɗa mana shugabanni bayan mun gama zaɓe. Duk ɗan siyasar da ya yabe shi da baki, alhali bai taɓa ɗaga yatsa kan wannan rahoto ba, bai girmama shi ba.

Wane ne shi

Bazazzagi ne, an haife shi a Zariya ranar 12 ga Yunin 1936, a gidan shari'a. Ya zama lauya a Landan a 1963, ya dawo ya yi aiki a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa, daga nan ya zama alƙalin babbar kotu, ya wuce kotun ɗaukaka ƙara. A 1979, yana ɗan shekara 43, aka kai shi Kotun Ƙoli. Ya zauna a can kusan shekara 27. Daga Disamban 1995 zuwa Yunin 2006 shi ne Alƙalin Alƙalai, kuma in ban da Sir Adetokunbo Ademola babu wanda ya kai shi daɗewa a kan wannan kujera.

Daɗewar nan tana da muhimmanci. Bayan saukarsa, daga 2006 zuwa 2024, mutum 10 aka naɗa a kujerar. Salihu Alfa Belgore wata bakwai ya yi. Dahiru Musdapher bai cika shekara ba. Wanda ya zo yana ƙirga watannin ritaya ba ya iya gyara gida. Uwais ya samu lokaci, ya ga mulkin Abacha, ya ga na Abdulsalami, ya ga na Obasanjo.

A zamaninsa ne, a 2002, Kotun Ƙoli ta ce hukumar zaɓe ba ta da ikon ƙirƙiro wa jam'iyyu sharuɗɗan rajista waɗanda kundin tsarin mulki bai sani ba, a ƙarar da su Balarabe Musa da Gani Fawehinmi suka kai. A Disamban 2004 kuma kotun ta gaya wa Obasanjo, yana kan ganiyar ƙarfinsa, cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. Gwamnan Legas na lokacin shi ne Bola Tinubu.

Maganar Kawu

Kawu bai yi ƙarya ba. A 2003 Zamfara da Kebbi da Sakkwato duk ANPP ke mulkinsu, kuma a nan Buhari aka zaɓa, tsofaffi da mata da matasa. Da aka ce Obasanjo ya ci, Buhari ya tafi kotu. Ranar 1 ga Yulin 2005 Kotun Ƙoli, Uwais na jagoranta, ta kori ƙarar. Na tuna yadda gari ya yi tsit a ranar. Wanda ya ji wannan zafin ba za a ce masa ya manta ba.

Akwai kuma masu cewa ya riƙe kujerar a zamanin Abacha, lokacin da soja ke fitar da dokar da ta hana kotu duba abin da suka aikata, mutane na tsare ba shari'a, shi kuma bai ajiye aiki ba. Wannan ma magana ce mai nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya.

Amma a dubi ranar da aka yanke hukuncin Buhari da kyau. An yi zaɓe a Afrilun 2003. Hukuncin ƙarshe ya fito a Yulin 2005. Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa, ya naɗa ministoci, ya sa hannu a kasafin kuɗi, sojoji da 'yan sanda suna sara masa. Wace kotu ce a duniya za ta ji daɗin tumɓuke irin wannan? Dokar ma ta ɗora wa mai ƙara nauyin da ba ya ɗaukuwa, sai ya kawo hujja rumfa bayan rumfa a ƙasa mai faɗin Najeriya.

A ganina, wanda ya zauna a kan wannan shari'a ya ga ɓarakar daga ciki, ya ga inda doka ke ɗaure hannun alƙali. Shi ya sa da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin mutum 22 a watan Agusta ya ba Uwais shugabanci, abin da suka miƙa a Disamban 2008 ya nufi waɗannan ɓarakoki kai tsaye. Cikin 'yan kwamitin har da namu, Farfesa Attahiru Jega.

Ba a watsar da komai ba, gaskiya. An sa kuɗin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ya riƙa fita kai tsaye daga asusun tarayya. An yanka wa shari'ar zaɓe wa'adi. Amma an tsince nama mai laushi an bar ƙashin, kuma a ƙashin ɓargon yake.

Gonar da ake shari'a a kanta

Shawarar da na fi damuwa da ita ita ce wannan: a yi zaɓe da wuri, a gama duk ƙararraki, sannan a rantsar da wanda ya ci.

Duk ɗan ƙauye ya san dalili. Danginmu sun taɓa shiga rigimar gonar gado da wani mutum. Gonar tana hannunsa lokacin da aka shiga kotu, kuma ba a tsayar da ita ba. Damina huɗu yana nomawa. Gero da waken da ya kwasa daga gonar da muke cewa tamu ce, su yake kaiwa kasuwa ya biya lauya ya yaƙe mu. Mu kuwa sai da aka sayar da tumaki. Duk ɗagin da aka yi wa shari'ar riba ce gare shi, asara ce gare mu. Shi ya sa alƙali mai hikima, in aka kawo masa rigimar gona ana dab da shuka, abin da yake fara yi shi ne ya ce kowa ya janye fartanyarsa.

Kujerar gwamna gona ce da ta fi kowace gona albarka. Wanda aka rantsar yana da baitulmali, yana da jami'an tsaro, yana da kwangilar da zai ba wannan ya hana wancan. Manyan lauyoyin da talaka ba ya iya ko biyan kuɗin man motarsu, shi yana jera su goma. Abokin shari'arsa kuwa yana cin bashi. Ko da alƙalan duk waliyyai ne, ba a tashi daga layi ɗaya ba.

Mutanen Kebbi sun ɗanɗana. An rantsar da Saidu Dakingari karo na biyu a Mayun 2011. A Fabrairun 2012, bayan wata tara, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen. Kakakin majalisa ya riƙe jihar, aka sake fitar da kuɗi, aka sake tara mutane a rana a watan Maris, Dakingari ya koma kujerarsa. Wata tara na zaman ɗar-ɗar, da wata guda na riƙon ƙwarya, jihar ta tashi da abin da ta kwanta da shi.

Mu ma a Zamfara haka. An rantsar da Dauda Lawal ranar 29 ga Mayun 2023. A Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta ce zaɓen bai kammalu ba, a koma Maradun da Birnin Magaji da Bukkuyum. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa. Fiye da wata bakwai ma'aikaci bai san wa zai yi wa biyayya da zuciya ɗaya ba, ɗan kwangila yana jira ya ga inda iska za ta kaɗa, 'yan siyasa na kowane ɓangare rabin ransu na Abuja. A cikin waɗannan watanni ne, a Satumba, 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ban ce shari'ar ce ta jawo ba. Ina cewa jihar da ke cikin irin wannan hali ba ta da wata bakwai na zubarwa.

Sai babbar, ta 2019. Tun Oktoban 2018 INEC ta ce APC ba ta yi zaɓen fid da gwani a Zamfara cikin lokaci ba, saboda rikicin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na su Sanata Kabiru Marafa. Wata kotu a Gusau ta ce an yi, wata a Abuja ta ce ba haka ba. A cikin wannan ruɗani aka sa jam'iyyar a takardar ƙuri'a. Mutane suka fito. Mukhtar Shehu Idris ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle ya samu 189,452.

Ranar 24 ga Mayu, saura kwana 5 a yi rantsuwa, alƙalan Kotun Ƙoli biyar ƙarƙashin Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ke riƙon kujerar Alƙalin Alƙalai a lokacin, suka ce ƙuri'un APC duk sun tafi a banza. Gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, a yini ɗaya.

Wani zai ce to ai wannan kafin rantsuwa aka gama ta, me kake kuka da shi? Ni ban ce kotu ta karya doka ba. Jam'iyyar da ba ta tsayar da ɗan takara yadda doka ta ce ba, ba ta da ɗan takara. Kukana a kan lokaci ne. Tambayar da ya kamata a amsa kafin a buga takardar ƙuri'a, sai aka amsa ta bayan tsohuwa ta taka daga ƙauyensu, ta bi hanyar da ake tare mutane, ta tsaya a rana ta dangwala. Hikimar ɗaya ce da ta Uwais: kowace rigima a kashe ta kafin a wuce matakin da ba a dawowa. Kwamitinsa ma ya nemi a kafa hukuma ta daban da za ta riƙa yi wa jam'iyyu rajista tana sa ido a kan harkokinsu, don a rage wa INEC kaya. Ba a kafa ba.

Tun daga ranar nake jin wata magana a bakin matasa wadda ke tsorata ni: "Mu je mu yi me? Ai a kotu ake zaɓe."

"Kotunanmu ba za su iya ba"

Wannan ce amsar da na fi ji. Suna cewa ƙasar da rigimar sarautar Gwandu ta fara a 2005, Kotun Ƙoli ba ta rufe ta ba sai a Yunin 2025, ita ce za ta gama shari'ar zaɓe kafin rantsuwa?

An taɓa yi, kuma Uwais yana cikin waɗanda suka yi. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 11 ga Agustan 1979. Obafemi Awolowo ya ƙalubalanci nasarar Shehu Shagari a kan lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19, rigimar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, wadda ta rataya a kan ƙuri'un Kano. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Satumba. Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Uwais, sabon zuwa kotun, yana cikin alƙalai bakwai da suka zauna. Har gobe akwai masu sukar hukuncin, amma babu mai cewa Shagari ya yi shari'ar da kuɗin gwamnati. Babu kwamfuta a lokacin, babu wayar hannu.

A Kenya kwana 14 kundin tsarin mulkinsu ya ba Kotun Ƙoli ta gama ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma ba a rantsarwa sai an gama. A 2017 Alƙalin Alƙalansu David Maraga da abokan aikinsa suka soke zaɓen shugaba mai ci, Uhuru Kenyatta, aka sake.

Matsalarmu lissafi ce kawai. Doka ta ba mai ƙara kwana 21 ya shigar, ta ba kotun zaɓe kwana 180, ta ba ɗaukaka ƙara 60, a shari'ar gwamna kuma ta ƙara wa Kotun Ƙoli 60. Jimla kwana 321. Kundin tsarin mulki kuma ya ce ba za a yi zaɓe ba sai ya rage kwana 150 ko ƙasa da haka wa'adi ya ƙare. An ɗinka riga da gangan ta yadda ba za ta shiga wuya ba. Ko dai a matso da zaɓe baya, ko a rage kwanakin shari'a, ko a yi duka biyun. Tun da aka sa wa'adin nan alƙalai suna cika shi, domin sun san ƙarar da ta wuce lokaci ta mutu. In an gajarta, za su cika.

Akwai masu tsoron cewa gwamnan da ya faɗi zaɓe, in aka bar shi wata shida ko bakwai a kan kujera, zai yashe baitulmali kafin ya tafi. Tsoron na da tushe. Amma wannan ɓarna ce da doka za ta iya taka wa birki, a hana mai barin gado cin sabon bashi da raba filaye da ɗaukar ma'aikata na ƙarshen zamani. Ta fi sauƙin magani a kan a ɗora mutum a kan al'umma alhali ba a tabbatar shi suka zaɓa ba.

Wa ke naɗa alƙalin wasa

Shawara ta biyu ita ce wadda gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙi fili a 2009. Kwamitin ya ce a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa. Majalisar kula da harkokin shari'a, NJC, ta tallata gurbin, ta tace masu nema, ta miƙa sunaye uku ga Majalisar Magabata ta Ƙasa, ita kuma ta zaɓi ɗaya ta tura wa Majalisar Dattawa.

Ko yaran unguwa da ke buga ƙwallo a filin makaranta ba sa yarda kyaftin ɗin ɗaya ƙungiyar ya kawo ƙanensa ya busa usur. A dambe ba a barin ubangidan ɗan wasa ya zama shi ne mai rabawa. Amma a wasan da ya fi kowane girma, wanda zai tsaya takara ko jam'iyyarsa za ta tsaya, shi ke zaɓo alƙali.

Nan ne mutanen Kebbi kan ce, to Jega fa? Ba Jonathan ne ya naɗa shi a 2010 ba, kuma ba shi ne ya sanar da faɗuwar Jonathan a 2015 ba? Haka ne, kuma muna alfahari da shi. Amma ƙasa ba ta rayuwa da sa'a. In ka tsallaka gulbi da ƙwarya ka fita lafiya sau ɗaya, ba shi ke nuna ba a bukatar gada ba. Jega da kansa ya sa hannu a rahoton da ya ce a canza hanyar. Kuma ko mutumin kirki aka naɗa, in shugaban ƙasa ne ya kawo shi, rabin ƙasa sun riga sun yanke masa hukunci kafin ya shiga ofis. Zargi kaɗai ya isa ya tada gari. Mun ga jinin da aka zubar a Arewa bayan zaɓen 2011, kuma Jega ne a kujerar.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa ita NJC ɗin wa ya wanke ta? Wannan tambaya tana da haƙori. Alƙalin Alƙalai ne shugabanta, kuma shi ke zaɓo mafi yawan mambobinta. A 2011 ƙasa ta kalli shugaban kotun ɗaukaka ƙara, Ayo Salami, yana zargin Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da tsoma baki a shari'ar gwamnan Sakkwato, rigimar da ta ƙare da dakatar da Salami. A Janairun 2019, saura 'yan makonni zaɓe, Buhari ya dakatar da Walter Onnoghen. A Yunin 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Tanko Muhammad takardar koke a kan yadda yake tafiyar da kotun, bayan 'yan kwanaki ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya. A Oktoban 2023 Musa Dattijo Muhammad, ranar da yake bankwana da Kotun Ƙoli, ya fito fili ya ce ikon da aka tara a hannun Alƙalin Alƙalai ya yi yawa.

Na yarda da duk wannan. Na ma ƙara da cewa akwai haɗari a sa alƙalai su zaɓo shugaban hukumar da gobe za a kawo ƙararta gabansu. In da za a tambaye ni, sai in ce a kafa kwamitin tacewa mai faɗi, da alƙalai, da lauyoyi, da malaman jami'a, da ƙungiyoyin ƙwadago da na mata, a yi wa masu nema tambayoyi a bainar jama'a, rediyo na watsawa. Amma a lura, wannan gyara ne a kan hanyar Uwais. Waɗanda ke kawo aibin NJC a majalisa ba su taɓa kawo wata hanyar ba. Sun kawo aibin ne don abin ya zauna inda yake, a hannun mutum ɗaya. Shekara da shekaru ana cewa tulun nan ya tsage, ba a ɗinke shi ba, ba a sayo wani ba.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi zaɓen ƙananan hukumomi, inda gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha. A 2024 APC ta lashe duka 21 na Kebbi. A shekarar nan dai PDP ta lashe duka 14 na Zamfara. Jihohi biyu maƙwabta, jam'iyyu biyu masu gaba da juna, sakamako iri ɗaya. Kwamitin Uwais ya nemi a shigar da hukumomin nan na jihohi cikin INEC. Gwamnoni ba su taɓa yarda ba.

Hujja a kan wa

Wani malami abokina, da na kawo masa shawarar kwamitin cewa nauyin kawo hujja ya koma kan INEC, ya girgiza kai. Ya ce ƙa'ida sananniya ce, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ta yaya za a juya ta?

Na ce masa, Malam, wa ya fara da'awa? Hukuma ce ta tashi ta ce wane ya ci da ƙuri'a kaza. Takardun sakamako suna hannunta, rajistar masu zaɓe tana hannunta, na'urar tantancewa tana hannunta, ma'aikatan rumfa nata ne. In ma'ajin ƙungiyar manoma ya ce kuɗin taki sun ƙare, ba mambobi ake cewa su tabbatar da cewa ba su ƙare ba. Shi ake cewa ya buɗe littafi. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan sun haura 176,000. A ce mai ƙara ya tattaro shaidu daga cikinsu a kwana 21, daga hannun wanda yake ƙara zai karɓi takardun, wannan ba neman gaskiya ba ne.

Malam bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai sake dubawa.

"Mu tsaro ya dame mu"

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, domin daga bakin waɗanda suka binne 'yan'uwa take fitowa. Mutumin Zurmi ko Tsafe ko Danko-Wasagu da bai kwana gidansa ba, wanda ke biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa, ina ruwansa da wani rahoto na 2008?

Ba zan ce masa gyaran dokar zaɓe zai kori ɓarayin daji ba. Abin da zan ce shi ne, makami ɗaya ne talaka ke da shi a kan shugaban da ya bar shi a hannunsu, shi ne ya cire shi. In ɗan siyasa ya gane cewa kujerarsa tana hannun wakilan jam'iyya da lauyoyi da alƙalai biyar a Abuja, can zai kai kuɗinsa da hankalinsa. Ƙauyen da aka ƙone sai ya samu buhun shinkafa da jaje.

Gyaran kundin tsarin mulki yana bukatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Zamfara da Kebbi suna da sanatoci 6, da 'yan majalisar wakilai 15, da majalisun jiha biyu. Da yawansu sun san zafin abin a jikinsu, wasu kotu ta ba su kujera, wasu ta ƙwace musu. Za su zo neman ƙuri'a kafin 2027. Ni tambaya biyu na tanadar wa duk wanda ya shigo unguwarmu: ka yarda a gama shari'a kafin rantsuwa? Ka yarda a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa? In ya ce e, ya faɗa a rediyo inda za a iya tuna masa.

Bayan sati biyu da Sallah na koma gaida Kawu, na same shi shi kaɗai a zaure. Na ce, Kawu, ka tuna shari'ar Shagari da Awolowo? Ya ce ƙwarai, yana Ƙauran Namoda lokacin, a rediyon wani mai shago suka ji. Na ce kafin a rantsar da Shagari aka gama ta, kuma Uwais yana cikin alƙalan. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "An yi haka kau." A kan hukuncin 2005 kuwa bai sauka ba, ni ma ban nemi ya sauka ba.

Ɗan yayata ya je ya yi rajistar katin zaɓe. Da ya dawo ya tambaye ni ko ƙuri'ar tasa za ta yi aiki, na ce masa ya adana katin tukuna.